Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dauda Lawal: Kafin A Sallami Tsoho Daga Asibiti

Mai girma Gwamna,

 

Ranka ya daɗe, a watan Janairun 2024 ka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya na jihar nan. Tun daga lokacin muna ganin ana gyaran asibitoci, ana sauya rufi, ana shigo da gadaje da kayan aiki, kuma duk wanda ya taɓa kwana a kan tabarma a barandar asibiti yana jinyar wani nasa ba zai raina wannan ba. Sai dai akwai wani sashe na aikin asibiti da ba a yanka masa ƙyalle, ba a ɗaukarsa hoto, alhali yana cikin abubuwan da ke cinye mana tsofaffi a nan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ina nufin ranar sallama, ranar da za a ce wa masu jinya su naɗe kayansu, a miƙa musu 'yar takardar magani, a raka su da maganar da kowa a ƙasar nan ya haddace: "In jikin ya tashi, ku dawo da ita."

Wannan magana an yi ta ne don mutumin da ke da hanyar dawowa. Wanda gidansa ke cikin garin Mafara, a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, yana iya aiki da ita. Amma waɗanda suka cika gadajen asibitocinmu ba 'yan cikin gari ba ne kaɗai. Daga Jangebe suke, da Morai da Ruwan Bore, daga Damri da Dakko da Rini, daga Faru da Kaya da Gidan Goga. Ka fi ni sanin abin da waɗannan sunaye suka gani. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan makarantar mata ta Jangebe. A Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba aka kwashi ɗalibai a Kaya, har ta kai ga rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. A Mayun 2022 aka kashe mutum 48 a Damri da ƙauyuka biyu na kusa da ita. Sojoji da askarawan da ka ƙaddamar suna iya ƙoƙarinsu, amma har yau akwai ƙauyukan da in an sallame sallar Magariba ba mai fita, ko da mace ce ke naƙuda. Ciwon tsoho kuwa, duk mai jinya ya sani, da dare ya fi tashi.

Ko da rana ce, dawowar kuɗi ce. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da kai ma ka sha rantsuwa, shatar mota daga ƙauye zuwa babban asibiti ta zama abin da sai an fitar da akuya ko buhun gero. Wanda bai da su sai babur: a ɗora tsohuwa a tsakiya, ɗanta a baya yana tallabe da ita, a ratsa rairayi da rani, a ratsa laka da damina. Wanda aka fitar da shi asibiti da sauran ciwo ya sha wannan tafiya zuwa gida, da wuya a sake yin ta da shi in ya rikice. Iyali za su taru a zaure, su duba aljihu, su duba hanya, su ce a bari a ga safiya. Sau da yawa da safen likkafani ake nema.

Ba labarin ji-ta-ji-ta na kawo maka ba. Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta haura shekara 70, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Bakura, ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga. Zazzaɓi da tari suka kama ta, daga baya ta fara sambatu, tana kiran sunayen mutanen da suka rasu tun muna yara. Aka kai ta wani asibiti, aka ba ta gado. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da ya same ta ba halin asibiti ɗaya ba ne. Aka ce ciwon huhu ne, aka sa mata ruwa, aka yi mata allurai, kuma gaskiya an yi aiki, zazzaɓin ya sauka. Da likita ya zo zagaye ya tsaya a kanta ya ce, "Iya, ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana, Allah shi yi maka albarka." Ya duba kati ya ce a kai ta gida.

A wannan ranar sai mutum biyu sun kama ta take sauka daga gado. Kunu in ta sha cokali kaɗan sai ta kau da kai. Da dare har lokacin ba ta san inda take ba. 'Yarta da ke jinyarta ta faɗi duk wannan, aka ce mata a gida za ta fi samun cin abinci, kuma akwai masu jiran gadon. Ba ƙarya aka yi mata ba, muna fita muka gan su a baranda. Takardar da aka ba mu sunayen magunguna ne kawai, da Turanci, da rubutun da sai mai kemis ya ƙura ido. Babu sunan ciwon, babu ranar dawowa, babu bayanin abin da za a yi da tsofaffin ƙwayoyinta na suga da ke ƙulle a leda a bakin zanenta. Ta ci gaba da shan su kamar yadda ta saba, ga sababbi, ga ciki ba abinci.

Allah ya sa ba ƙauye aka wuce da ita ba, gidana aka ajiye ta a cikin gari. Cikin dare gumi ya karyo mata, jikinta ya yi sanyi, ana kiranta ba ta amsawa. Wata malamar asibiti da ke makwabtaka da mu ta zo da na'urar awon suga, ta ce sugan ya faɗi ƙasa warwas, a yi maza. Muka mayar da ita, aka sa mata ruwan suga ta jijiya, ta farfaɗo. Tana nan da ranta, tana faɗa da jikoki. Abin da ya hana ni barci bayan haka shi ne tunanin cewa da a ƙauye take, da mun ce kwana ne ya ƙare, mu yi zaman makoki mu watse, littafin asibiti kuma ya ci gaba da nuna cewa ta samu sauƙi an sallame ta.

Mun yi imani kowa da ranarsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya umarce mu da neman magani, kuma likitoci da kansu sun san jikin tsoho ba ya bayyana ciwo kamar na matashi. Tsoho kan yi ciwon huhu mai tsanani ba tare da jikinsa ya yi zafi sosai ba, alamar kawai ita ce ruɗewa ko barcin da ya wuce ƙima ko ƙin abinci. Saukar zazzaɓi ke nan ba hujjar warkewa ba ce a wurinsa. Ƙishirwa ma ba ta kama shi da wuri, don haka a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a nan, ruwan jikinsa kan ƙare bai nemi moɗa ba, ƙoda ta wahala, maganin da ya kamata ya fita da fitsari ya taru a jini. Wasu ƙwayoyin suga masu araha da aka fi samu a kemis suna daɗewa a jiki suna aiki, sai su kayar da tsohon da ba ya cin abinci, kamar yadda suka kayar da Gwaggo. Maganin hawan jini da aka ƙara masa yana kwance kan sa jiri ya ɗebe shi ranar da ya miƙe zai kama ruwa, ya faɗi ya karye a ƙugu, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe.

Haka yake ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce a yi allurar atesunet na aƙalla awa 24, sannan a ɗora da ƙwayoyi na kwana 3 cikakku. In an sallami tsoho bayan allura yana amai, ko bai iya haɗiya, rabin magani ya samu. Mai shanyewar ɓarin jiki ya fi kowa shiga haɗari. Da yawansu maƙogwaro ma ya shanye, sai a je gida a kwantar da shi rigingine a riƙa ɗura masa kunu don ƙauna, kunun yana bin hanyar numfashi, bayan 'yan kwanaki huhu ya kamu. Ba wanda ya nuna wa masu jinya su zaunar da shi kafin ba shi abinci, ko su riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya huda masa baya. A sallame shi da robar fitsari a jiki ba a faɗi ranar da za a sauya ta ba. Waɗannan duk bayani ne na minti goma, amma sai an sa wani ya tsaya ya yi shi.

Ga kuma halinmu. Dattijon Bahaushe ba ya cewa "jiki ya ƙi". Ko numfashi yake ja da ƙyar, in ka gaishe shi godiya ga Allah zai yi ya ce da sauƙi. Tsohuwa ba za ta dubi likitan da ya yi sa'ar jikanta ta gaya masa ba ta iya riƙe fitsari ba, ko ta kwana nawa ba ta zaga ba. Ban da haka, ita kanta gida take so. Tana tunanin awakinta, tana jin nauyin kuɗin da 'ya'yanta ke kashewa, tana ƙyamar a tsarkake ta a gaban baƙi. Likitan da ya dogara da amsar bakinta zai sallame ta kullum. Kamata ya yi ya ce ta tashi ta taka ya gani, ya miƙa mata ruwa ta sha a gabansa, ya tambaye ta wane gari take, sannan ya juya ga wadda ta kwana da ita ya ji yadda daren ya kasance.

Kada a fahimce ni cewa ina neman a riƙe tsofaffi a asibiti har sai sun gaji. Doguwar kwanciya ita ma cuta ce: naman jikin tsoho na zubewa da sauri in yana kwance, asibiti kuma wuri ne da ake ɗaukar wasu cututtukan. Wanda ya isa tafiya gida ya tafi. Amma manomin shinkafa a Bakolori ba ya yanke ruwa ranar da ta fara fitar da kai don ya ga alamar samu, kuma saukar zazzaɓi fitar kai ce kawai.

Ban kuma zo ƙarar likita ba. Na ga likita ɗaya ya duba layin marasa lafiya da safe, ya shiga tiyata da rana, a taso shi ɗakin haihuwa da dare. Abokan karatunsa suna Saudiyya da Ingila, wasu sun ƙi karɓar aiki a ƙauye don tsoron a ɗauke su, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Da damina, in zazzaɓi da amai da gudawa suka haɗu da waɗanda aka kawo da harbin bindiga, dole ya zaɓi wanda zai ba gado, kuma in ya dubi yarinya mai naƙuda ya dubi tsohuwar da zazzaɓinta ya sauka, mun san wadda zai ɗaga. Mutumin da ke cikin wannan matsi shi ya fi buƙatar rubutacciyar ƙa'ida da zai jingina da ita, domin a halin yanzu shi kaɗai ke ɗaukar nauyin hukuncin, a gajiye, cikin minti biyu.

Mu iyalai ma muna da namu kason, kuma babba ne. Sallama da yawa ba likita ke yin ta ba, mu ke zuwa mu ce a ba mu takarda mu sa hannu mu tafi da mutuminmu. Binciken da aka yi a asibitocin Najeriya ya sha nuna cewa rashin kuɗi shi ne babban dalilin wannan sa hannu. Magani ya yi tsada, musamman tun 2023 da darajar naira ta faɗi, kamfani irin GSK ya sanar da daina harkarsa kai-tsaye a ƙasar nan. Jinyar mutum ɗaya na tsayar da mutum biyu ko uku daga gona, ga abincinsu a gari. Wani kuma ya ji an ce ciwon ba na asibiti ba ne, a koma na gida. Akwai ma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki, cewa ai tsufa ne, kada a yi ta zuba kuɗi. Abin da na lura shi ne da zarar an nemi sa hannu, sai a miƙo takardar da biro nan take, kamar abin da ya rage kawai shi ne asibiti ya wanke kansa. Ba a tambayar me ya sa. In da za a tambaya, wani kuɗin allurar kwana biyu ne ya gagare shi.

Ranka ya daɗe, tsarin da nake roƙo ba baƙo ba ne a yankin nan. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi aikin gubar dalma a Anka da Bukkuyum tun 2010, tana kula da yara masu tamowa a nan Talata Mafara tare da ma'aikatanmu na jiha. Yaron da aka kwantar saboda tamowa ba a sallamarsa don an ga ya buɗe ido. Sai an gwada an ga yana cin abincinsa, kumburi ya fara saɓewa, ciwon da ya kawo shi ya lafa. Sannan a haɗa uwar da wurin da za ta riƙa zuwa karɓar abincin ana auna shi, a gaya mata alamun da in ta gani ta garzayo. Ma'aikatanmu 'yan ƙasar nan su ke yin wannan kullum. Kakar yaron, da ke kwance a wani ɗaki, ita ce ba ta da irin wannan gata.

Don haka ina roƙon ka umarci Ma'aikatar Lafiya da hukumar kula da asibitocin jiha su fitar da takarda shafi ɗaya, wadda dole a cike kafin a sallami duk wanda ya kai shekara 60. Da yawa ba su san shekarunsu ba, amma wannan ba matsala ba ce: duk wanda ya riga ya yi wayo lokacin da aka gama madatsar Bakolori a 1978, a sa shi ciki. A takardar a ga cewa ya yini ya kwana ba zazzaɓi bayan an cire masa ruwa, yana ci yana sha ba ya ƙwarewa, ya san inda yake, yana iya kai kansa bayan gida ko akwai mai kai shi, an auna jininsa a kwance da a tsaye, an auna sugansa, an sa masa 'yar na'urar nan ta yatsa an ga iskar jininsa. A ƙasa kuma a rubuta tambayoyin da suka fi duka muhimmanci a wurinmu: ina ne gidansa, wa zai kula da shi, kuma in ya rikice da dare ana iya fitowa da shi? Tsohon unguwar da ke bayan asibiti da tsohon Gidan Goga, ko ciwonsu ɗaya ne, bai kamata a sallame su rana ɗaya ba.

Takardar da za a ba iyali kuma a rubuta ta da Hausa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta ce a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da harshen da yake ji, gwargwadon karatunsa, kuma kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya nanata haƙƙin samun bayani. A nan ma'anar wannan ita ce Hausa, da boko ko da ajami, domin dattijon da bai iya karanta boko ba sau da yawa yana karanta ajami sarai. A ɗaura shan magani a kan lokutan salla, wannan bayan Asuba, wannan bayan Isha'i. A ce a kawo ledar tsofaffin magunguna a zazzage ta a kan tebur, a ware waɗanda za a daina. A rubuta alamun haɗari da lambar wayar ɗakin da aka kwantar da shi. Wanda ba ya karatu ko ɗaya, malamar asibiti ta naɗa masa bayanin da murya a wayar ɗansa, tunda yanzu kowane gida akwai mai sauraren saƙon murya.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne masauki. Matsalar likita gado ce, matsalar iyali hanya ce, kuma ana iya raba su. A cikin harabar kowane babban asibiti, ko dab da shi, a ware ɗakuna biyu ko uku, na maza da na mata, da bayan gida da ruwa da gidan sauro, inda tsohon da ya bar gado amma gidansa ke da nisa ko haɗari zai zauna 'yan kwanaki da mai jinyarsa. Iyali su ci da kansu kamar yadda suka saba. Abin da asibiti zai bayar shi ne malamin asibiti ɗaya da zai leƙo da safe ya auna jini da suga, ya dubi numfashi. Ƙasashe da dama na Afirka suna da irin wannan masauki na mata masu jiran haihuwa, saboda dalili iri ɗaya, wato nisa. A yanzu masu 'yan'uwa a cikin gari ne kaɗai ke samun wannan, kamar yadda Gwaggo ta samu. Wanda bai san kowa a Mafara ba sai ya hau babur.

Wanda ya koma ƙauye kuma, a haɗa shi da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa. Ranar sallama a kira jami'in lafiyar da ke can a gaya masa ga wane ya dawo, ga ciwonsa, ya leƙa shi cikin kwana 2 ko 3. Inda ma'aikacin ya gudu saboda 'yan bindiga, ko sabis bai kai ba, wannan kansa dalili ne na a bar tsohon a masauki. A kuma ba iyali damar cewa ba su gamsu ba, babban likita ya sake dubawa kafin su fita, ba tare da an ɗauke su masu tsaurin ido ba. Mutanenmu suna tsoron likita, suna ganin in sun ja da shi gobe ba zai dube su ba. Sai an manna wannan dama a bango da Hausa, an faɗe ta a rediyo, kafin su yarda tasu ce. Mai neman sa hannu kuma, kafin a miƙa masa biro, a zaunar da shi a ji dalili.

In dalilin kuɗi ne, akwai ƙofofin da doka ta riga ta buɗe. Dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin rukunin masu rauni da ya kamata a biya wa. Jihar nan tana da hukumar inshorarta, ZAMCHEMA, tana da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda ta daɗe ana koyi da ita a Arewa. Akwai ma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Abuja, wadda aka sa hannu a dokarta a 2018. Duk waɗannan suna nan a takarda. Abin da ɗan ƙauyen da ke tsaye gaban mai karɓar kuɗi yake buƙata shi ne mutum ɗaya a cikin asibitin, mai tebur da suna, wanda zai iya cewa, "Bar ta ta ƙara kwana biyu, za a biya." Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya sukutum ta kula da tsofaffi tun 2012. Ba irinta nake nema a Maradun ba. A tura malaman jinya biyu daga kowane babban asibiti su koyo aikin, su dawo su koyar.

Zan ɗan kauce, ranka ya daɗe, domin wannan magana da mu take, ba da kai ba. Daga 1999 zuwa 2023, cikin shekara 24, waɗannan ƙananan hukumomi uku su suka riƙe kujerar da kake kai na shekara 20: Ahmad Sani Yariman Bakura takwas, Abdul'aziz Yari na Mafara takwas, Bello Matawalle na Maradun huɗu. Duk da haka abin da ya ɗan fi ƙarfin asibitocinmu sai an ɗauki hanyar Gusau, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko a nufi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tsofaffin da ake jigila da su a wannan hanya su ne samari da 'yan matan da aka tasa daga gonakinsu don aikin Bakolori, wasunsu sun ga kisan da aka yi wa manoma a 1980 da idonsu. Sun jefa ƙuri'a a kowane zaɓe. Manyanmu da ke majalisa da masu hannu da shuni na yankin, ɗakuna uku a bayan asibiti ba za su gagare su ba, in gwamnati ta ba da fili da ma'aikaci.

Roƙona na ƙarshe shi ne ƙidaya. Tun 2012 gwamnatin Amurka ke rage wa asibiti kuɗi in tsofaffin da ya sallama sun yawaita dawowa cikin kwana 30. Ba na neman a ci tarar kowa a nan, kuma in muka kwaikwayi ma'auninsu yadda yake zai yaudare mu, domin namu tsofaffin rashin dawowarsu ba shaidar warkewa ba ce. Abin da ya dace da mu shi ne littafi ɗaya a kowane ɗakin kwanciya: sunan tsoho, ƙauyensa, lambar wayar ɗansa, ranar sallama, da ko likita ne ya sallama ko sa hannu aka yi. Bayan kwana 30 wani ya kira ya tambaya yana raye, ya dawo, ko ya rasu, kuma yaushe. Kuɗin katin waya ne kawai da ma'aikaci ɗaya. A fara da manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun na wata shida, a haɗa da asibitocin kuɗi da ke garuruwan, a kawo maka sakamakon kan teburinka, kuma a karanta mana shi a rediyo mu ji.

Allah ya ba ka ikon dubawa, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Talata Mafara